Dariyar Luba da Aka Matse

Assalamu alaikum Inna, bayan gaisuwa da addu'a.

Ni ce Safiya. Kin san ban iya magana gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta. Har yanzu muna Gummi gidan Kawu, ba mu koma ƙauye ba, hanya ba ta da lafiya.

Kin tuna ranar da Baba ya ɗauki muryarki a waya kina daka kina waƙa? Ƙanwata Luba tana goye a bayanki, shekarar da gubar dalma ta ɗauke ta. Wajen ƙarshe kin yi tuntuɓe da turmi, ta ƙyalƙyale da dariya. Ba mu da hotonta, Inna. Wannan kaɗai muke da shi.

Memorin wayar ya cika, Baba kuma yana son wurin sa karatun Alƙur'ani. Sai na kai wa Malam Sani mai caji wayar a bakin kasuwa. Ya ce zai matse sautin muryarki ya zama ƙarami.

Ya yi mini bayani, ina kallon ƙasa. Wai matsewa iri biyu ce. Akwai wadda in abu ya maimaitu, na'ura ta rubuta shi sau ɗaya ta ce a maimaita, in an buɗe komai ya dawo daidai, kamar yadda kike ninke zannuwa a akwati. Akwai kuma wadda take zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura ba, ƙaramar murya da babba ta rufe. Ita ce ke rage nauyi sosai. Ya tambaye ni wacce nake so. Kunya ta hana ni tambaya, na gyaɗa kai a ta biyun. Ya matse iya matsewa, ya goge na farkon.

Da na dawo gida na kunna. Waƙarki tana nan, taɓarya tana nan. Wurin dariyar sai wani sauti kamar ruwa a cikin bututu.

Na koma wurin Malam Sani. Ya ce abin da aka zubar ba ya dawowa. Bai yi mini ƙarya ba tun farko.

Na tuna in za ki aika wa dangi saƙo garin Zugu da mai babur, sai ki ce, "Ka ce musu muna lahiya." Alhali Luba na kwance tana zabura. Ke ma kin matse, don saƙon ya isa.

Na gaji, Inna. Na gaji da ɗebo ruwan gidan mutane, da jiran ranar komawa. Ban gaya wa Baba dariyar ta ɓace ba tukuna. Jiya ya kunna, da aka zo wurin sai ya yi murmushi ya ce, "Ji ta, ja'ira." Shi yana jin ta har yanzu. Na matsa kusa da shi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Luba inda ba a rage komai.

Ɗiyarki,
Safiya