Sulhun Masu Haƙa Rijiya

Daga Durun, Kabo

Ƙanwata Malama Furera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Bayan haka, hankalina a tashe yake. Wata ƙungiyar agaji ta turo mana Turawa biyu su haƙa mana rijiyar burtsatse, a wannan zamani na tsuke bakin aljihu da ko guga ba mai saya mana. Ɗaya Bafaranshe ne, ɗaya Bajamushe, kuma kullum cikin cacar baki suke. Tafintansu ya gaya mini Bafaranshen ya ce abincin Jamusawa ko jaki ba zai ci ba, shi kuma Bajamushen ya ce Faransawa sai surutu, aiki babu. Baba Sajo tsohon soja ya ce a yaƙin Hitila mutanen nan karkashe juna suka yi. Idan suka ɓata suka kwashe injinsu, mun koma shan ruwan kududdufi da kurkununsa. Ke mai koyar da tarihi, gaya mini gaskiya.

Yayanki,
Dagaci Mijinyawa

Daga Gwarzo

Ranka ya daɗe Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida Inna da mutanen gida. Baba Sajo bai yi ƙarya ba. Sun sha gwabzawa a kan ƙasar da ke iyakarsu, an yi asarar rayuka ba adadi. Amma shugabanninsu sun daɗe da ƙulla yarjejeniyar zumunci, har 'ya'yansu suke aika wa juna hutu. Abin da ke zuciyar baƙinka kuwa, littafi bai gaya mini ba. Don Allah kada ka sa baki. Na san halinka, ko kaji ne suka yi faɗa sai ka shimfiɗa tabarma.

Ƙanwarka,
Furera

Daga Durun

Furera,

Bayan gaisuwa, na shimfiɗa tabarmar. Na kira liman da dattawa, na sayi goro, na zaunar da kowanne nesa da ɗan'uwansa. Liman ya yi nasiha a kan yafiya, tafinta yana juyawa. Sai suka kalli juna suka tuntsure da dariya, har Bajamushen yana share hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can Bafaranshen ya natsu, ya nuna Bajamushen ya ce, "Sojojin ƙasarsu ne suka kashe kakana. Ina yaro aka aika ni hutu gidansu, na tafi ina kuka. Yau ƙanwarsa ce uwar 'ya'yana."

Baba Sajo ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ashe wasa ne ya shiga tsakani, irin namu da Zage-zagi." Suka karɓi goron, suka tauna suna yamutsa fuska. Kunya na sha ta, amma wallahi rabon da in ji sanyi a raina haka na manta.

Ki huta lafiya,
Mijinyawa

Daga Durun

Furera,

Sallama. Ruwa ya fito, garai-garai. Surukan nan suka hau gardamar wanda zai fara ɗanɗanawa, ni kuwa na bar su da wasansu, na cika ƙwarya na kai wa Inna. Ta sha, ta zuba sauran a ƙafarta da kurkunu ya nakasa. Ta ce ki zo ki sha.

Yayanki,
Mijinyawa