Jan Fentin da Ya Wuce Kaina

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yaya ya zo ofis yau. Shekara goma sha ɗaya ina aikin gandun daji, bai taɓa tako ƙafarsa nan ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana ƙanƙance ido, sai da na yi magana sannan ya gane inda teburina yake. Idon nan ya ƙara lalacewa. Shekara talatin yana jan babbar mota, yanzu kamfani sun ce ya je ya huta, shi ke nan.

Fom ya zo cikewa, na neman izinin mayar da daji gona. Gonar Baba.

Na ce, "Yaya, ai da ka aiko na kawo maka gida." Ya ce, "Auta, abin hukuma ne, gara a biyo masa ta ƙofa." Ni na karanta masa, na ɗora yatsana inda zai sa hannu. Hannun da ya riƙe nawa ranar da aka fara kai ni makaranta. Na yi kamar ina neman wani abu a durowa har ya fita.

Talata, 4 ga Fabrairu

Bari in rubuta dokar a nan, ko zuciyata ta daina yi min tsalle.

A yankinmu, duk kadadar da take da bishiya arba'in ko fiye masu kaurin santimita sittin, daji ce. Ko ta waye, ko da takardar gado a hannunka. Ba sara, ba noma, ba gini. In ba su kai arba'in ba, a ba ka izini. Ana auna kaurin ne a tsayin mita ɗaya da santimita talatin daga ƙasa. Shi ya sa muke da sandar awo: a jingina ta jikin bishiya, a zagaya tef daidai kanta, a shafa jan fenti a wurin don shaida.

Gonar Baba kadada ɗaya ce cif. Shekara ashirin da biyu ba ta ga fartanya ba, tun rasuwarsa. Kuma ni ce, ni da bakina, lokacin ina makarantar koyon aikin daji kaina yana hayaƙi, na roƙi Yaya ya hana maƙwabta sare tsiron da ya fito. Na yi masa dogon bayani a kan inuwa da ruwan sama. Ya yi dariya ya ce to, Malama. Ya hana su kuwa.

Ga su nan sun girma.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na gaya wa Shugaban ofishinmu cewa mai fom ɗin wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce na kyauta da na faɗa, ya ba abokin aikina Dogo aikin awon. Hankalina ya kwanta. Ba hannuna, ba ƙafata.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bishiya talatin da takwas!

Dogo ya shigo, ya duƙa a ƙofa kamar kullum don kada ya fasa goshi, ya ajiye takarda gabana. Ya ce, "Guntuwa, ki gaya wa Yayanki ya wasa gatari." Na ce wa ya ce masa ni guntuwa ce, shi ne dai aka manta ba a tsayar da shi ba. Mun yi dariya har mai shara ta leƙo.

An liƙa sanarwa a allo. Kwana goma sha huɗu, in babu wanda ya kawo ƙorafi ko gyara, sai a buga hatimi. Na kira matar Yaya, ta yi ta hamdala. Ashe tun watan jiya take ajiye iri a gwangwani, ba ta gaya wa kowa ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na raka Yaya gonar da safe, yana so ya taka iyakarta. Wuri ya yi sanyi, ganye yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Marke da maɗaci sun cika ko'ina, kusan duk sa'annin juna. Tsamiyar da Baba yake rataye gorarsa tana nan.

Ina tafe ina neman fentin Dogo, don ido ya saba. A kowane daji na shiga, fentin yana zuwa min daidai kafaɗa. Shekara goma sha ɗaya, daidai kafaɗa. Yau na duba ban gani ba. Sai da na ɗaga kai.

Ya wuce kaina. Kowace bishiya.

Bishiya kuwa tana sirancewa ne in ana hawa sama, wannan ko ɗan koyo ya sani.

Yaya yana ta magana: nan zai sa masara, can wake, gefen rafi kayan miya. Ya ce, "Kin yi shiru." Na ce takalmi ne ya matse ni.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Sandar tana bayan kabad, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta.

Na ja Dogo gefe na tambaye shi. Ko a jikinsa. Wai sandar ba ta ɗauruwa a babur, tana dukan sa a baya. Wai ai a makaranta cewa aka yi daidai ƙirji, shi kuwa daidai ƙirji ya auna. Na ce ƙirjin wa? Ya dube ni daga can sama, na ga abin ya fara shigar sa. Ya ce, "Ɗan bambancin nan ba zai canja komai ba." Amma muryarsa ta yi ƙasa.

Na ji haushinsa, na kuma ji wani abu mai kama da godiya, wannan ɗin ne ya ba ni tsoro.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ban iya cin abincin rana ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na ɗauki sandar da tef na koma ni kaɗai. Na ce wa baban yara zan je duba wani aiki, ba ƙarya na yi ba.

Na auna kowace sau biyu. Ina ta addu'a a raina kamar mai jiran sakamakon asibiti. Waɗanda Dogo ya rubuta hamsin da takwas, hamsin da tara, a kan sanda suna ba ni sittin, sittin da ɗaya, wata ma da biyu. Da na kai arba'in na zauna a ƙasa. Sannan na tashi na ƙarasa, don ban iya barin aiki rabi ba, wannan ciwona ne.

Arba'in da uku.

Ban shafa fenti ba. Ban ma je da shi ba, kuma na san dalili.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Tun jiya Baba mai keke yake tsaye a idona.

Bara ne, wajen wannan lokacin. Tsoho ne da kogi ya cinye masa gona, ya nemi izinin share wani filinsa na gado da ya zama kurmi. Ni na je na auna. Arba'in da ɗaya. Ya biyo ni har ofis a kan kekensa, ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Biyu ce fa tsakanina da abinci, 'yata. Biyu kacal." Na ce, "Baba, doka ba ta san biyu ba." Har na yi masa bayani cewa in kowa ya roƙi biyu, wata rana ba sauran inuwa a ƙasar nan. Gaskiya na faɗa, har yanzu na yarda gaskiya ce. Na ga dajin da aka cinye da biyu-biyu, na ga rafin da ya ƙafe bayansa.

Ya ce Allah ya yi min albarka. Na leƙa ta taga na ga bai hau keken ba, turawa yake yi.

Ranar na koma gida ina jin kaina, wai ni mai riƙon amana.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na rubuta takardar gyara zuwa ga Shugaba. Layi shida. Na sa hannu, na ninke, na sa a jaka. Saura kwana huɗu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na biya gidan Yaya bayan an tashi aiki. Yana zaune a tsakar gida yana sa wa fartanya ƙota, da lalube yake yi, yatsunsa ne idonsa yanzu. Ya yi ƙiba kaɗan a kwanakin nan, ko idona ne. Matarsa ta ce ya daina zaman shiru da rediyo a kunne.

Na zauna kusa da shi na faɗa masa komai. Sandar, ƙirjin Dogo, arba'in da uku. Ban ɓoye takardar da ke jakata ba.

Ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa. Can ya ce, "Da can da kika ce in bar su, na bar su." Ya ce, "Ni ban ce ki yi komai ba, Auta. Ban taɓa cewa ki yi abin da zai hana ki barci ba. Ki yi aikinki."

Da ya yi faɗa, da na samu abin riƙewa. Da ya tuna min wahalar da ya sha a kaina, da na ce masa doka doka ce, na fita ina huci. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Da zan tafi ya ce in gaishe da yara. Na ji matarsa tana tambayarsa me ya faru, ya ce ba komai, hira ce.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Sau biyu na je ƙofar Shugaba. Na farko yana waya. Na biyu ba ya komai, ni ce na wuce kamar ruwa zan sha.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Wa'adi ya cika ƙarfe huɗu. Babu wanda ya nemi in yi ƙarya. Babu wanda ya tambaye ni komai. Shiru kawai aka buƙata, shi kuwa ina da shi.

Hatimin ofis a durowata yake, ni nake bugawa a kowane izini. Dogo ya kawo fayil ɗin ya ajiye bai dube ni ba. Na buga. Ya fito tas, ko karkacewa bai yi ba.

Takardar tana jaka har yanzu.

Asabar, 8 ga Maris

Yau aka fara sara. Ban yi niyyar zuwa ba, matar Yaya ta ce zai ji daɗi in ya ji muryata.

Ƙarar injin tun daga hanya. Na tsaya gefe ina kallon bishiyoyin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da jan zobenta. Da suka kwanta, ba mai iya cewa fentin a sama yake ko a ƙasa. Tsuntsaye suka yi ta kewaya wurin sun rasa masauki. Na yi kuka, na ce hayaƙin injin ne.

Yaya ya ce a bar tsamiyar Baba. Ya tsaya a tsakiyar fili, rana ta sauka a fuskarsa, ya ɗaga kai ya ce, "Auta, ina ganin haske." Rabona da in ga haƙoransa haka tun kafin idon.

Na yi murna. Na yi baƙin ciki. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda zan ajiye su a ciki ɗaya ba.

Litinin, 10 ga Maris

Dogo ya sa an yanka masa sandar gida biyu, an haɗa da ƙarfe, tana ninkewa. Yanzu tana shiga babur. Ya nuna wa kowa ban da ni.

Talata, 25 ga Maris

Baba mai keke ya dawo. Shekara ta zagayo, doka ta ba shi damar sake nema. Ya rame. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi yara, kamar ban taɓa yi masa komai ba. Ya ce bana a gonar wani yake ƙwadago, shi da furfurarsa. Ya ce, "Na san sun ƙara girma ma, 'yata. Na dai ce in sake gwadawa."

Shugaba ya ce tunda na san wurin, ni zan je.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na je filin Baba mai keke. Da sandar na je, a rubuta wannan. Na jingina ta jikin kowace bishiya kamar yadda aka koya min.

Fentina na bara yana nan, ya koɗe, daidai kafaɗata. Tsohon yana bina a baya riƙe da gwangwanin fenti, leɓensa yana ta motsi.

Ƙasar wurin ba ta daidaita ba, akwai gangare, akwai saiwoyi. Mutum ba zai iya rantsuwa a kan inda gindin sanda ya zauna ba. Wasu biyu a gefen gabas sun ba ni wahala, sai da na sake zagaya tef ɗin. Wataƙila hannuna ya ɗan hau. Ban duba ba.

Talatin da tara.

Ya ajiye gwangwanin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Na ce ya tashi, ba ni na yi ba, awo ne.

Da zan shafa wa biyun nan fenti sai da na yi ɗage. Sharaɓata tana ciwo har yanzu, tafiya ce ta yi yawa.

Takardar nan ta jaka, na neme ta ɗazu in yaga. Na karanta layi shidan, rubutuna ne, amma kamar wata ce ta rubuta. Na mayar da ita.