Gidan Gilas da Ka Bar Ni a Ciki

Zuwa ga Baban Ramatu,

Salamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ba lalle ka karanta ba, don kai takarda in ba ta dillalin gidaje ba ce, ajiye ta kake yi sai gobe. Duk da haka zan rubuta. Na fita takaba, masu ba ni haƙuri sun gaji sun koma harkokinsu, yanzu ina da bakin magana.

A kan gidan nan ne. Wasu miji da mata daga Paris sun zo sun gani, suna so, kuma tayin da suka yi ya wuce abin da ka saya nesa ba kusa ba. Ni ina so in sayar in koma Vaulx-en-Velin, can gefen birnin Lyon, cikin mutanenmu. 'Yarka kuma ta ce in na sayar, ni kaɗai zan koma. To ka ga inda ka bar ni.

Me na yi maka, Malam? Na bi ka daga Damagaram zuwa Paris, muka zauna a ɗakin nan na can ƙoli wanda in na miƙe tsaye kaina ke taɓa rufi, ban taɓa cewa uffan ba. Da ka samu aiki a jami'a a Bron, kusa da Lyon, muka dawo Vaulx, nan na fara numfashi. Hajiya Zara'u 'yar Maraɗi tana hawa na uku, in ta daka yaji har ƙasa muke atishawa. Ita ta dafa min ruwan wanka da na haifi Ramatu. Lif ɗinmu kullum a lalace, yara suna ƙwallo har cikin matakala, amma ban taɓa yin zazzaɓi na rasa mai leƙo ni ba.

Sai wata Lahadi ka kwaso mu a mota wai za mu sha iska. Muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare, shanu suka fara. Ka tsaya gaban wata tsohuwar masaƙa da aka rufe tun kafin mu zo ƙasar, ka ce masu zanen hotuna da masu sassaƙa sun fara kama ɗakuna a ciki, garin nan zai tashi, mai wayo yanzu yake saye. Ashe ka riga ka gama magana da banki. Iskar da muka je sha ke nan.

Kuma duk gidajen garin ba wanda ya yi maka sai tsohon kanti, wanda gabansa gilas ne daga sama har ƙasa, yana kallon titi. Na ce maka gidan da ba shi da zaure ma ana haƙuri da shi, amma wanda mai wucewa zai ga abin da ke cikin kwanona, wannan ba gida ba ne. Ka ce za a sa labule. Labulen da har ka mutu ba a sa ba, don wani mai zane ya gaya maka hasken nan shi ne darajar gidan. Na tambaye ka ina masallaci, ina mahauci, ka ce ai ga jirgin ƙasa, Lyon ba nisa. Kai da ko hoto ba ka taɓa rataya a bango ba, yaushe ka zama masanin zane?

Jirgin nan shi ya ci ka. Kullum sammako, kullum gudu kada ya tashi ya bar ka, ga hawan jini da kake ɓoye min. A tasha ka faɗi, da jakarka a kafaɗa. Likita ya ce zuciya ce. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Da kai nake ja.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Maƙabartar garin nan da kake so ba ta da ɓangaren Musulmi. Dole aka mai da kai Bron. Kai ka koma cikin jama'a, kana kwance kusa da mutanen da kuke sallar Juma'a tare, ana zuwa ana yi maka addu'a. Ni kuma ka bar ni a nan. Zaman makokinka ma a falon Hajiya Zara'u aka yi, don ba wanda zai iya zirga-zirga zuwa ƙauye. Mijina mai gidan kansa ya mutu, na karɓi gaisuwa a kan kujerar aro. Bayan kwana uku aka dawo da ni, don takaba a ɗakin miji ake yi.

Yanzu bari in gaya maka yadda sadakar arba'in ɗinka ta kasance, tunda ba ka nan.

Ƙaninka Sani ya taso daga Paris ya ce lalle a gidanka za a yi, mutane su ga abin da yayansa ya bari. Aka yi hayar motoci daga Vaulx da Rillieux. Muka kwashe kujeru, aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin gilas, maza suka zauna da fararen riguna, kowa da izunsa a hannu. Mu mata muna ciki da tukwanen shinkafa. Aka buɗe ƙofa wangale, kamar yadda ake yi, takalma suka taru a bakinta. Babu wanda ya gaya mana cewa a ranar ce masu zanen garin ke buɗe ƙofofinsu, baƙi su zo daga Lyon da Paris suna bi gida gida suna kallon ayyukan fasaharsu. Ni ina takaba, ina zan sani? Kai ne mai sanin irin waɗannan ranakun.

Suka fara shigowa. A nitse, hannu a baya, ba mai ɗaga murya. Wasu har suka cire takalma suka ɗora a kan namu. Hajiya Zara'u ta leƙa ta dawo tana share hawaye, tana cewa Allah sarki, ashe Malam ya yi jama'a a garin nan, dubi Turawa sun zo gaisuwa. Muka yi ta zuba musu shinkafa da nama, don ba a hana baƙo abincin sadaka. Wallahi har zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina ashe na zalunce ka, ashe garin ya san ka.

Sai liman ya rufe addu'a, aka shafa. Malam, tafi suka yi. Tafi, kamar an gama wasa a dandali. Wata mata mai jan gilashi ta matso wajen Sani tana tambayarsa sunan mai fasahar da ya shirya wannan nunin, da abin da tarin takalman ke nufi. Wani yana durƙushe yana ɗaukar liman hoto ta ƙasa. A waje kuma mutane sun jeru jikin gilas ɗinka mai daraja, suna kallonmu ta hasken da ka hana a rufe.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji naka ba. Su ban riƙe su ba sosai. Ƙofa suka gani a buɗe a ranar buɗe ƙofofi. Da suka gane, wasu har kuka suka yi. Maƙwabciyarmu, tsohuwar nan mai ginin tukwane, ita ta shigo ta fitar da su ɗaya ɗaya, ta kwaso zannuwan gadonta ta rufe gilas ɗin. Amma hoton ya riga ya hau Facebook. Har Damagaram an gani, yayarka ta bugo waya tana tambayata ko biki muka yi.

Tun ranar na ƙudura ina fita takaba zan sayar. Ga masu saye Allah ya kawo. Kuma ka yi gaskiya, garin ya tashi. An buɗe gidajen shan kafe, an gyara masaƙar, gidan da ka saya ana yi maka dariya yanzu rububinsa ake yi. Ka ji daɗi? Da kana nan da ba mu sha ruwa ba don gori.

Saura Ramatu. Kullum tana wajen tsohuwar nan, hannu dumu-dumu da yumɓu. Mun baro ƙasar da ake gina tukwane a Mirya, mun ƙetare teku, don 'yarka ta zama maginiya a Faransa. Ta ce abin da za ta karanta ke nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa Sani ya yi mata magana. Ta saurare mu tsaf, sannan ta ce ita a Vaulx ba ta taɓa ganin ka ba sai a gajiye, a gidan nan ne ta fara jin kana waƙa, ranar da kuke shafa fenti. Ta ce in na tafi za ta kama ɗaki wajen tsohuwar. Taurin kan nan ba a wajena ta ɗauko shi ba.

Na rasa miji, ba zan ƙara da 'ya ba. Jiya na kira mutanen Paris na ce su nemi wani gidan.

Amma na kafa mata sharaɗi guda, kuma ta karɓa. Duk garin nan babu mace ko ɗaya da ta san yadda ake wanke Musulma in ta mutu. Saboda haka ran Asabar za mu shiga jirgi mu je Vaulx, Hajiya Zara'u za ta fara koya mata wankan gawa da ɗaurin likkafani. Yarinyar da ko ashirin ba ta kai ba. Da ta ji ta yi kuka, ni ban yi ba. Abin da sayen gidanka ya jawo mata ke nan, kuma ina so ka sani.

Ranar da za a kai ka, liman ya aiko Sani ya tambaye ni ko na yafe maka. Na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. A lokacin ban san sauran abin da ke gaba ba. Laifin gidan nan kam ka ɗan jira ni tukuna kafin in yafe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ni ban huta ba.

Matarka da ka bari a bakin titi,
Maman Ramatu