Ayar da Ta Kuɓuce wa Yaya Malam

Laraba da dare, Kudan

Yau a sallar Magariba Yaya Malam ya tsaya cak a tsakiyar Tabaraka. Shekara talatin yana ja mana salla, kuma a gabansa na koyi surar. Kowa a sahu na jin nauyin ya tuna masa. Ni na ɗora masa ayar.

Ko takalma ba mu sa ba, Alhaji Sule mai rake ya matso. "Wallahi wannan ba banza ba, sammu ne."

Ni dai na san abin da na taɓa karantawa a kan mantuwa. Idan damuwa ta daɗe, jiki yakan yi ta zuba sinadarin kotisol cikin jini. Shi kuma ya isa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya sauya yawan furotin da suke ƙerawa, har waɗanda ke taimaka wa tuna abu su ragu. Wata biyar ke nan Yaya na jinyar matarsa tsakanin nan da Zariya, ba barcin kirki. An ce abin yakan gyaru idan hankali ya kwanta, amma ba wanda ya yi alkawari.

Na bi Yaya zaure zan yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Ɗan jarida, ajiye bokonka. Gobe da Asuba ka tsaya daidai bayana."

Na ce, "To, Yaya."

Da Asuba dogayen surori yake ja, ni kuwa haddata izu huɗu ce. Na sauko da Alƙur'ani, ban san ta inda zan fara ba.