Rufaida da Kunyar Ɗan Fari

Gadarif, Sha'aban 1423

Zuwa ga ƙanena Ɗanlami, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Ma'u da ƙananan yara. Yaya gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi, amma ka rage hawa tsanin fentin nan, kai ba yaro ba ne. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi albarka, an shiga yankan riɗi, gari ya cika da 'yan ƙwadago har mutum ba ya samun wurin zama a motar zuwa garin Doka. Inna tana nan da faɗanta, ka san in tana faɗa to jiki da sauƙi.

To, gyara zama. 'Yarka Rufaida ta ci! An ɗauke ta karatun majistir, wato digiri na biyu, a Hartum, ɓangaren ilimin halayyar ɗan Adam, na masu duba marasa lafiyar da damuwa ta kayar ko hankalinsu ya taɓu. Wallahi guɗar da na rangaɗa ranar sai da maƙwabta suka shigo a guje, sun ɗauka haihuwa aka yi. Ban manta ba, bara da aka ƙi ɗaukarta ka bugo waya shagon Osman ka ce ta ƙara gwadawa sau ɗaya tak, in bai yiwu ba ta haƙura da wannan karatun mahaukata ta karɓi aikin koyarwa. Haka ka kira shi, kada ka musa, da kunnena na ji. Yarinyar nan ta shekara da maganarka a wuyanta, ta rame kamar mai jinya.

Ba don rashin ƙoƙari aka ƙi ta bara ba. Sakamakon digirinta ya kai abin da suke nema, jarrabawar Turanci ma ta haye, malamanta biyu sun rubuta mata shaida. Abin da ya kayar da ita shi ne ba ta yi hidimar ƙasa ba tukuna, kuma ba ta taɓa aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin ƙwararre ba. Mu kuwa nan ina muka ga ƙwararre? Sai wata Dakta Najwa da ke zuwa daga garin Madani lokaci-lokaci. Rufaida ta yi ta sintiri har aka tura ta hidima asibiti, ta manne wa matar nan kamar ƙaya a zane. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan karon komai ta haɗa tun da wuri.

A can ne aka kawo wata baiwar Allah daga kambo, wato sansanin 'yan aikin gona da ke bayan Doka. Na matsa wa Rufaida ta faɗa mini ko 'yar gidan wa ce, ta ce sirrin mara lafiya ba ya fita ko ga gwaggo, ka ji fitsara! Matar, ɗanta aka kwashe zuwa yaƙin Kudu, gawarsa ma ba ta dawo ba. Ta daina ci, ta daina barci. Dakta ta tambaye ta sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Ta tambaye ta ko tana kewarsa, ta ce ita me ya dame ta da wancan. Ko ɗigon hawaye babu. Dakta ta fara tunanin ko matar ba ta yarda ya mutu ba ne, ko kuwa kanta ya juye. Rufaida ta nemi izini ta yi mata Hausa, tambaya ɗaya ta yi: shi ne na fari? Matar ta gyaɗa kai. Sai Rufaida ta bayyana wa Dakta cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta kukansa a gaban mutane. Dakta mace ce mai hankali, ta ce to ta bar wa Rufaida matar. Rufaida ta riƙa zama da matar su biyu a ɗaki, ba ta taɓa cewa ɗanki, sai dai yaron gidanku. A haka matar ta ba da labarinsa kaf, ta yi kukan da ta haɗiye. Yanzu ta koma kambo, har tana tuƙa wa ma'aikata tuwo.

Da lokacin ganawa da malaman jami'a ya zo, sharaɗi ne kowa ya kawo labarin mara lafiya ɗaya da ya yi aiki a kansa. Dakta ta ce wannan za ta kai. Nan fa hankalin Rufaida ya tashi. Ka san 'yarka, duk zamanta a jami'a ba ta taɓa yin Hausa a gaban kowa ba, saboda gorin da ake yi wa yaranmu, ana kiran su Fallata, sunan raini da mutanen nan suka laƙa mana. Ƙawarta Rawan ma ta ba ta shawara ta zaɓi wani labarin, kada a raina ta tun daga ƙofa. Ta zo mini tana share hawaye. Na ce mata ke, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in don yarenki za su ƙi ki, su ƙi ki da shi a bakinki.

Ta tafi, ta faɗa. Wani dattijo cikinsu ya cire tabarau ya tambaye ta a wane littafi ta karanta wannan al'ada. Ta amsa masa cewa ba a littafi ba ne, ita Bahausa ce daga Gadarif, a gidansu ta gani. Ta ƙara da cewa akwai dubban mutane a gonakin nan da ba sa iya faɗin ciwonsu da Larabci, su take so ta dawo ta duba. Dattijon ya rubuta wani abu, ya ce ta ci gaba. Da aka kafe sunaye, nata na ciki. Ni dai, Ɗanlami, ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Saura kai. Rajista bayan ƙaramar salla ce, kuma ta rantse ba za ta taka Hartum ba sai da yardarka. Za ta zauna a gidan Hanatu 'yar Kawu Jibril, an riga an yi magana. Rufaida ma 'yar farinka ce, na sani, bakinka ba zai iya yaba mata ba, kuma ita ma ta sani, don a kanka ta fara sanin kunyar ɗan fari. Ba ta neman mabruk ko wata barka daga gare ka. Ka bugo shagon Osman ranar Juma'a bayan an sauko, zan kai ta ta tsaya kusa da ni. Ni za ka yi wa magana, ka ce wancan yarinyar ta tafi. Za ta ji sauran.

Ka gaishe mini da Ma'u da kyau, da Adam da Ummusalama, da maƙwabcinka Malam Mahmudu. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka yi mata addu'a in ka je Harami. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Asiya