Kalmar Gindin Shafi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan makwancinki ya yi sanyi, ina sanar da ke cewa kundin waƙoƙin mahaifinki, Malam, ya iso Yakasai.

Ƙaninki Kawu Sale ne ya kawo shi. 'Yan bindiga sun shiga garinku, sun ƙone tsohon masallaci da zauren Malam. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, shi kuwa ya cusa kundin cikin buhun gero. Gafakar fatar da kundin ke ciki ta tsinke a hanya, takardun suka cakuɗe, ga shi ba su da lamba.

Na baza su a tabarmarki da hantsi, suna ƙanshin gero da hayaƙi. Sai na gan ki kamar a mafarki, kina kaɗi a inuwar lemo, kina rera waƙoƙin nan, ina gyangyaɗi a cinyarki.

Shekarar da muka je garinku kin nuna mini 'yar kalmar da ake rubutawa a gindin shafi, wadda shafi na gaba ke farawa da ita. Kika ce, "Takarda ba ta ɓata, kowacce tana riƙe da zanen 'yar'uwarta."

Haka na bi su, kwana uku. Takardar ƙarshe a hannuna, gindinta ya ce "ruwa", amma babu shafin da ya fara da ruwa. Na zazzage buhun har ƙasa. Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce wuta ta riga shi.

Na zauna ina maimaita kalmar. Inna, ni da kike cewa kaina kwando ne, sai ga baitocin suna zubowa daga bakina da muryarki, har da inda kike tsayawa ki haɗa zare. Kawu yana hawaye yana gyara mini, ina rubutawa. Baiti biyu sun gagare mu, na bar gurbinsu fari. Ba zan yi wa Malam ƙarya ba.

Na san ba a sa kalma a gindin shafin ƙarshe, amma na sa. Na rubuta "gida". Shafin da zai amsa ta, sai ranar da Kawu ya koma ya sake gina zauren.

Ina kewarki, Inna. Allah Ya jiƙan ki da Malam, Ya kashe wutar nan, Ya mayar da kowa ƙofar gidansu.

'Yarki mai kan kwando,
Bilkisu