Hannun da Ke Juya Nawa

Malama Nuala, ki taimaka mini. Shekarata tamanin da ɗaya, ban taɓa neman shawarar kowa ba, har likita. Karatu bai zauna mini ba, teku ce ta rene ni. Maƙwabciyata ce ke rubuta miki, na kuma hana ta gyara mini magana.

Kin san halinmu a nan Conamara. Kowane mawaƙi da waƙarsa, ba a rera ta mutum a gabansa muddin yana raye. In kuma mutum na waƙa, wani kan kama hannunsa yana juyawa a hankali har ya kai ƙarshe. Wana Colman yana da tasa, baiti goma sha biyu, sunayen mutanen ƙauyenmu da teku ta ci. Shi mahaifiyarmu ta ba, ba ni ba. Wata rana a gidan biki, don in burge Bairbre, wadda ta zama matata, na miƙe na rera ta yana zaune. Colman ya taso ya kama hannuna, ya yi ta juyawa har na gama, sannan ya ce, "Muryar ba laifi, ɓarawo." Ban san ko wasa yake ba. Ban tambaya ba. Bayan kwana tara ya fita ɗaga taru, aka tsinci kwalekwalen babu shi.

Shekara hamsin da shida ke nan ban sake rera ta a gaban mutum ba. Sai a gonar dankali, ni kaɗai, don kada ta tsere mini. Bairbre ta rasu ba ta ƙara jin ta ba.

Ina da jika, Sorcha, ma'aikaciyar jinya, ta haura talatin. Ita da wasu ƙattai uku suna da ƙungiyar kiɗan fank. Sukan ɗauko tsofaffin waƙoƙin rok, waɗanda muke ji a rediyo muna samari, su zuba musu gudu da ihu kamar ana rushe gida. Ranar Lahadi bayan coci suke gwaji a rumfar ajiye kwalekwale. Nakan ce mata sun fi injin niƙa surutu, ta ce, "To me ke kai ka gyaran raga a bayan rumfarmu kowace Lahadi, tsoho? Ragar ba ta gyaruwa ne?" Gaskiyarta, amma kada ki gaya mata. Akwai wani abu a hayaniyar nan da ke kama da teku in ta fusata.

Lahadi uku da suka wuce ina bayan rumfar sai na ji sunayen waƙar Colman a cikin kiɗansu. Ashe tun tana ƙarama take laɓewa a bayan katangar gona, ta kwashe baiti bakwai. Na ɗauki sandata na nufi ƙofa da niyyar fasa gangarsu. Ina tsayawa sai hannuna na dama ya fara juyawa. Ba ni nake juya shi ba. Na ji tafin hannu mai kanta, mai sanyi, har da ɗan yatsan da ƙugiya ta lanƙwasa wa Colman. Da rana tsaka, Malama, ban kuma sha komai ba. Da kiɗan ya tsaya a baiti na bakwai, sai aka sake ni.

Sorcha na son sauran biyar ɗin. Na ce sai dai a binne ni da su. Ba na son a yi ihu da sunayen matattu a mashaya. Amma shekaranjiya a gona na nemi baiti na goma na rasa, sai da yamma ya dawo. Mutum uku ne a cikinsa, ba wanda ke tuna su sai ni. Ki gaya mini, zuwa Colman ya yi ya hana, ko me? Na sace ta sau ɗaya. Ina da ikon ba da ita?

Tsohon Bakin Gaɓa

Baba, na gode da ka amince mini.

Ban san abin da ya kama hannunka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai ka faɗa da bakinka: mai kama hannu ba ya hana waƙa, raka ta yake yi har ƙarshe. Haka Colman ya yi a gidan biki, alhali yana iya ficewa. A rumfa kuma ba a sake ka ba sai inda baitocin suka ƙare.

Tsoronka yana da tushe. Sunayen nan ba kayan wasa ba ne, kuma Sorcha ta yi kuskure da ba ta nemi izini ba. Sai dai ka lura, abin da ka yi wa wanka shi ta yi maka, a ƙauyenku, kana raye. Ka tsane ta? Ko sanda ba ka ɗaga ba. Ka auna zuciyar Colman da taka, wataƙila ka samu amsar da ba ka tambaya ba a lokacin.

Waƙar taka ce yanzu, ba ta hanyar sata ba, ta hanyar shekara hamsin da shida da ka yi kana riƙonta. Mai abu kuwa yana da ikon gindaya sharaɗi. Ka kira Sorcha ita kaɗai, ban da jita, ban da ganga. Ka fara ba ta labarin bikin, da kalmar da Colman ya kira ka da ita. Ka koya mata baki da baki, ka soma da na goma, ka bari ta naɗi muryarka a waya. Ku yi shawarar inda za a rera ta da inda ba za a rera ba, kuma duk ranar da za ta yi, ta ambaci Colman tukuna. Bayan haka ka bar su su yi ihunsu. Mutanen da teku ta ci sun saba da abin da ya fi wannan ƙara.

Mantuwar nan da hannun kuma, ka kai wa likita, ko ba ka so. Kada ka jira Lahadi. Ranar da ta haɗa goma sha biyun da muryarta kaɗai, ka tashi ka kama hannunta ka juya. In ka ga dama ka kira ta ɓarauniya, amma ka tabbata ta ga kana dariya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan Colman da duk waɗanda ke cikin waƙar.

Nuala